Ɗanbaba Ya Daina Cin Kuɓewa

Agege, Legas
Ranar Lahadi

Zuwa ga matata Adama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Inna? Yaya ƙugun, ɗorin yana kamawa? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya sa kaffara ne. Ki gaishe min da ita ƙwarai, ki gaida yayanki Isah da iyalinsa.

Kada ki yi mamakin ganin takarda daga wurina. Wayar ƙauyenku ta gajiyar da ni. Sai kin hau tudun bayan masallaci ake samunki, kuma kafin in gama tambayar jikin Inna ta yanke. Gambo, direban da ke kawo mana shanu daga Mai'aduwa, shi ya ce in rubuta kawai, tunda ta bakin titinku yake wucewa in zai koma. Rabona da riƙe biro in rubuta abin da ya wuce sunana an daɗe, don haka ki yi haƙuri da rubutun.

Mu nan lafiya lau. Kasuwa a abbatuwa, mayankarmu, ba yabo ba fallasa. 'Yarmu Nuriyya tana zuwa daga Idi-Araba duk Juma'a da kular abinci, mijinta ne ke sauke ta. Sauran ranaku ina ci a wurin masu tuwo na bakin masallaci. Miyarsu ba laifi, sai dai mai ya yi mata yawa.

Akwai albishir da na so in ɓoye sai kin dawo, amma na kasa. Kin san yadda kike fama da taɓon tsakar gida duk damina, ki share ki goge, ruwa ɗaya ya mayar da ke baya. To na kira Audu birkila ya shafe tsakar gidan da siminti, tun daga bakin ƙofa har lungun bayan kicin. Ya yi masa gangara, ruwa na sauka yake bin kwata ya fice. Jiya an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, na fito da silifas na je banɗaki na dawo, ƙafata tas. Yakuwar da kika shuka a lungun na cire ta na dasa a tsohon bokiti, ta ɗan yi yaushi amma ta farfaɗo.

Sai maganar kunkurunki. Ban manta ba, shi ne abu na ƙarshe da kika faɗa min a tasha, cewa in kula miki da Ɗanbaba. Ranakun da ake aikin na saka shi a ɗakin ajiya don kada ya taka ɗanyen siminti. Da ya bushe na fito da shi, ya zagaya gidan kaf yana shinshina kamar baƙo. Ina yanka masa kuɓewa kamar yadda kika nuna min, a tsaye ba a kwance ba. Kwanan nan dai ba ya cinyewa. Yakan ɗan gutsira ya bari. Ina jin kewarki yake yi, ko kuma hannuna ne bai yi masa ba. Ni dama tun ranar da Baba, Allah ya jiƙansa, ya aiko da shi cikin kayan aurenki, ba mu taɓa shiri da shi ba. In na zo wucewa ya janye kai, in ke ce ya miƙo wuya.

Ki kula da kanki, kada jinya ta hana ki cin abinci. Na saka wa Gambo garin rogo da man shafawar da kika ce.

Ki huta lafiya.

Mijinki,
Ɗahiru

*

Agege, Legas
Ranar Talata

Zuwa ga Adama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da jiki. Saƙonki na baki ya iso ta wurin Gambo, na ji an fara zaunar da ita a jingine da filo. Alhamdu lillahi. Na kuma ji kin yi murna da simintin, duk da kin ce da na bar miki yakuwarki inda take.

Adama, ba na son in ƙara miki damuwa kan wadda kike ciki, amma in na yi shiru ba za ki yafe min ba. Ɗanbaba ba shi da lafiya. Ya daina cin abinci gaba ɗaya, yau ya fi mako.

Babu abin da ban gwada ba. Kuɓewa, gurji, kankana mai ja sosai, ganyen ugu daga wurin matar da kike sayen kayan miya. Har harawa na roƙo a wurin masu kiwon shanu na kawo masa, na ce ko abincin garinsu yake marmari. Ko kallo ba ya yi. Da safe na ajiye, da yamma na kwashe, ƙudaje sun gama da shi.

Da farko ma ba zama yake yi ba. Yini yake yana zagaye, kullum ya ƙare a lungun bayan kicin, ya juya baya ya yi ta kartar siminti da ƙafafun baya. Ƙarar tana shigowa har ɗaki. Na ɗauke shi na mayar gindin tankin ruwa, ya sake komawa. Sai da na ga faratansa sun cinye, ɗaya har da ɗan jini, na tare lungun da bulo. Tun daga ranar ya kwanta a gindin tankin bai ƙara motsi ba. Kansa a ciki, sai in na durƙusa na leƙa nake ganin idanunsa, su ma sun faɗa.

Da Nuriyya ta zo ta duba a wayarta, ta ce a riƙa zaunar da shi cikin ruwan ɗumi, wanda bai kai masa hanci ba, a kuma sa shi a rana. Bahonki na wanki nake amfani da shi, ki yi haƙuri. Ina dawowa daga abbatuwa da hantsi na ɗora ruwa, na gwada da gwiwar hannu kamar yadda kike yi wa Nuriyya tana jaririya, na saka shi. Yakan ɗan fito da kai ya kurɓa. Wannan kaɗai nake gani na ji sanyi. Rana kuwa kin san Legas da damina. In ta leƙo sai in ɗauke shi in bi ta, daga bakin ƙofa zuwa gefen katanga, har hadari ya rufe ta. Ga nauyi, bayana har ya fara ƙorafi.

Abokan sana'a sun samu abin yi. Yanzu Ɗahiru mai kunkuru suke kirana. Wani ya ce tsufa ne, in bar shi ya tafi cikin salama. Wani kuma ya kawo min wani mutum har gida, wai yana saye don haɗa magani, tunda dai mutuwa zai yi. Na ba shi ruwa ya sha, na raka shi ƙofa.

Abin da ke damuna shi ne ni mahauci ne. Na san idon dabbar da ta sallama, kuma na fara ganin alamarsa. Jiya ina zaune kusa da bahon na tuna yadda Baba yake zama a kan buzu bayan la'asar, yana ba shi ganye da hannu yana masa hira kamar mutum. Gidan Baba an sayar, littattafansa an raba, Inna ta koma ƙauye. A duk Legas babu abin da ya rage miki nasa sai wannan dabbar, kuma a hannuna kika bar shi.

Gobe zan yi wa Dokta Mastura magana, likitar da ke duba mana nama. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Allah ya ba mu lafiya baki ɗaya.

Naki,
Ɗahiru

*

Agege, Legas
Ranar Asabar

Zuwa ga matata Adama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kin tashi lafiya, da fatan jikin Inna da sauƙi. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan. Ba labarin mutuwa ba ne, yana nan da ransa.

Dokta Mastura ta saurare ni tsaf, ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ce ita shanu da awaki ta sani, ba za ta yi min ƙarya ba. Ta kwatanta min wani asibitin dabbobi a Ikeja, ta ce akwai wani abokin karatunta a can, Dokta Adeyemi, yana duba irin waɗannan.

Shekaranjiya na shimfiɗa tsohon tawul a baho, na saka shi, na tari keke mai ƙafa uku. Mai keken ya leƙa ya tambaye ni ko na farfesu ne. Motar danfo kuwa ban ma gwada ba, na san kwandasta zai ce in biya masa kujera. Asibitin, Adama, ya fi wanda aka haifi Nuriyya tsabta. Ga mutane zaune da karnuka masu aski, wata mata rungume da kyanwa cikin bargo. Ni kuma ga ni da baho a cinya, da warin abbatuwa a jikina. Kowa ya zo wucewa sai ya leƙa.

Likitan yaro ne, bai fi mijin Nuriyya ba. Da ya ji ina Yarabanci sai ya saki jiki. Ya auna nauyinsa, ya buɗe bakinsa ya duba, ya taɓa ƙafafun. Sannan ya ɗan karkata shi ya dubi ƙasan cikinsa da jelarsa, ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ni sunansa. Na ce Ɗanbaba. Ya ce me sunan yake nufi. Na fassara masa. Sai ya cire tabarau ya ce, “Alhaji, wannan ai 'yar Baba ce.”

Na ce masa ba zai yiwu ba, kunkurun nan ya girmi aurena, kuma wanda ya raɗa masa suna dillalin shanu ne da ya san dabba. Bai yi musu da ni ba. Ya nuna min ƙasan cikin a shafe yake sumul, ya ce na namiji yana da loƙo. Ya nuna min jelar, 'yar guntuwa. Sannan suka shiga da shi aka ɗauki hoton ciki, irin wanda aka yi wa ƙugun Inna. Da ya ɗora hoton a gaban fitila na gani da idona. Ƙwai ne, Adama, farare, kewayayyu, jere a cikinsa. A cikinta. Hannuna ya kasa sabawa.

Na tambaye shi ta yaya, alhali ba ta taɓa ganin namiji ba. Ya ce kamar kaza ce, tana yin ƙwai ko babu zakara, sai dai ba za su ƙyanƙyashe ba. Ya ce mai yiwuwa shekara da shekaru tana yi tana binnewa ba mu sani ba, don suna rufe ramin su daddale shi kamar ba a taɓa wurin ba. Amma in ba ta sami ƙasar da za ta haƙa ba, riƙe su take yi. Su cika mata ciki, ta kasa ci, ƙarfinta ya ƙare. Sai ya tambaye ni ko akwai ƙasa a inda take zama.

Sai simintin nan ya faɗo min a rai. 

Kartar da take yi a bayan kicin, har farcenta ya yi jini, wurinta take nema. Ni kuma na ɗauko bulo na tare.

Na tambaye shi gaskiyar magana. Ya ce in ƙwan suka daɗe za su iya fashewa a ciki ko su ruɓe, kuma hakan yana kashewa. Ya yi mata allurar ƙarin ƙarfi, ya ba ni wani farin gari in riƙa zubawa a ruwan da take sha. Ya ce in samar mata ƙasa mai laushi da zurfi, mai ɗan danshi, a wurin da ta saba, in bar ta ta huta da idon mutane. In ba ta yi da kanta ba zai yi mata allurar naƙuda. In ita ma ba ta yi aiki ba sai tiyata, kuma sai an yanka ƙoƙon nan nata ta ƙasa. Ya ce ba ya fatan a kai can, yadda ta rame.

Daga Ikeja ban tsaya ko'ina ba sai gidan Audu birkila. Yadda muka yi da shi zan faɗa miki a takarda ta gaba, Gambo yana jirana a bakin titi.

Ki sa ta a addu'a. Ban san ko ana yi wa kunkuru addu'a ba, ni dai ina yi.

Mijinki,
Ɗahiru

*

Agege, Legas
Ranar Alhamis

Zuwa ga Adama,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Isah ya same ni a waya, ya ce Inna ta ƙi yarda a tayar da ita tsaye, kuma abincin ma sai da lallashi. Ya ce ke ma kin rame. Raina bai ji daɗi ba. Ki daure, ki riƙa barin matar Isah ta karɓe ki ko na yini ɗaya ne.

Audu da farko ƙi ya yi. Ya ce shi bai taɓa yin aiki mai kyau irin na gidanmu ba, har mutane yake kawowa su gani, yanzu kuma in ce ya fasa saboda kunkuru. Na ce to ya ara min guduma. Da ya ga da gaske nake sai ya ce in bari, in na yi da kaina zan tsaga har bakin ƙofa. Washegari ya zo da injin yanka, ya ja layi, ya yanke lungun bayan kicin daidai kamar an auna da tabarma. Yana yi yana tsaki. Muka kwashe ɓaraguzan, muka haƙa har ya kai min gwiwa, muka cika da ƙasa gauraye da yashi. Shi da kansa ya kawo shawarar a kafa kwano a sama don kada ruwan sama ya cika ramin. Ya kuma zagaye bakin da bulo, ya bar mata ƙofa.

Na ɗauke ta na ajiye a kai. Ta zauna kamar dutse. Haka washegari, haka wanshekare. Ranar Litinin na mayar da ita Ikeja aka yi allurar naƙudar, likita ya ce in koma gida in jira. Har yanzu shiru. Na daina zuwa abbatuwa, na bar wa abokin cinikina ya riƙe min. Likita ya ce kada a dame ta, don haka a kicin nake zama, ina leƙenta ta 'yar tagar nan. Ban taɓa sanin haka kicin ɗin yake da zafi ba. Shekarun nan duka a nan kike yini, ban taɓa tunanin sa miki fanka ba.

Ya ce in zuwa Asabar babu labari in kawo ta a yi tiyatar. Ba ni da wani abin da zan ƙara. In ta mutu, Adama, ki sani ba sakaci na yi da amanarki ba, rashin sani ne.

Naki,
Ɗahiru

Ƙari, ranar Juma'a. Gambo bai samu lodi ba jiya, takardar tana aljihuna, shi ya sa na buɗe ta.

Ta yi, Adama.

Na dawo daga masallaci, Nuriyya ta zo da abinci muna zaune a ɗaki, sai na ji wani sauti daga bayan kicin, ba irin kartar siminti ba, mai taushi. Muka lallaɓa muka tsaya a taga. Ta juya baya tana haƙa, ƙafa ɗaya ta ɗebo ƙasa ta ajiye gefe, ta huta, ɗayar ta ɗebo. A hankali ƙwarai, har na ji kamar in je in taya ta. Nuriyya ta riƙe min hannun riga. Tun bayan Juma'a take yi har aka kira la'asar. Na yi salla a nan bakin kicin, na dawo taga.

Sannan ta tsaya cak, ta miƙa wuya, ta janye shi ciki da ƙarfi, sai ga na farko ya gangara cikin ramin. Ta sa ƙafa ta gyara masa zama. Na fara ƙirgawa na ɓace, don idona ya cika da ruwa. Nuriyya ta ce sun haura goma. Da ta gama ta mayar da ƙasar, ta yi ta daddalewa da cikinta har wurin ya koma kamar ba a taɓa shi ba, daidai yadda likita ya faɗa.

Kafin magariba na zaunar da ita a ruwan ɗumi, ta sha sosai. Na tsinko ganyen yakuwa daga bokiti na ajiye a gabanta, ban sa rai ba. Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta miƙo wuya ta ciza. Ganye ɗaya da rabi ta ci. Na kira likita na gaya masa, ya ce in kawo ta mako mai zuwa a sake hoto a tabbatar babu saura.

Yanzu kya iya gaya wa Inna duka.

*

Agege, Legas
Ranar Laraba

Zuwa ga matata Adama,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso hannuna jiya. Na karanta ta a tsaye a bakin motar Gambo, na sake karantawa a gida. Ashe rubutunki ya fi nawa kyau nesa, ban sani ba.

Na fara da labarin mara lafiyar nan. An sake hoto, cikin babu komai. Tana ci yanzu, har ta fi da. Bokitin yakuwarki saura kara. Da hantsi takan fito ta kwanta a rana ta miƙe ƙafafu, in na zo wucewa ba ta janye kai. Ƙwan likita ya ce in tone in zubar tunda ba za su yi komai ba. Na ce to, amma har yau ban yi ba. Na koma aiki, sunan mai kunkuru dai ya zauna, har masu sayen nama sun ɗauka.

Na yi farin ciki da jin Inna ta yi dariya har ta riƙe ƙugu, kuma ta nemi a ƙara mata kunu a ranar. Amma abin da ta faɗa ya hana ni sakat. Wato ita ta sani tun kina goye. Tana haƙa wurin shuka a tsohon gida ta ci karo da ƙwan, ta mayar da ƙasa ta rufe, ba ta gaya wa kowa ba. Kin rubuto cewa da kika tambaye ta dalili sai ta ce, “Malam ya riga ya gaya wa duk abokansa namiji ne, ya sa masa suna. Me zan samu in na kunyata shi a kan kunkuru?” Na karanta wa Nuriyya wannan wurin a waya, ita dariya ni dariya. Allah ya jiƙan Baba. Ya tafi yana da tabbacinsa.

Yanzu maganar da ta fi muhimmanci. Kin ce Isah da ƙannenki sun zauna, an rasa wanda zai riƙe Inna in kin taho, kowa da uzurinsa, ke kuma ba za ki iya tafiya ki bar ta haka ba. Na lura yadda kika kewaya maganar, kika ce ko za ki ƙara wata biyu ko uku, in na yarda. Na san abin da kike so ki tambaya kika kasa.

Ki taho da ita. Na riga na yi wa Isah magana, ya ce in ita ta amince shi ba shi da ja. A nan ta yi rabin rayuwarta, ƙawayenta na Agege suna nan, kullum sai an tare ni a hanya an tambaye ni jikinta. Ga asibiti kusa, masu gashin ƙashi na zamani suna nan a Idi-Araba kusa da Nuriyya. Ɗakin ajiya na kwashe shi, Audu ya yi masa fenti ya sa ƙarfen dafawa a bango har zuwa banɗaki. Da zarar mai ɗori ya ce za ta iya zaman mota, zan zo da kaina in ɗauke ku, mu yi tafiyar a hankali, mu kwana a hanya. In ta ce ba ta son zama gidan suruki, ki ce mata ni na roƙa. Makonnin nan na ɗanɗana jinya kaɗan, ta dabbar da ba ta magana ba ta kirana da dare, na ji yadda take. Ba zan bar ki ki yi ta mutum ke kaɗai a can ba.

Nuriyya ta ce a canja wa Ɗanbaba suna. Na ce a'a, wanda Baba ya sa shi za a ci gaba da kira.

Abu ɗaya ya rage. Tun jiya nake tunanin Inna, ta rufe rami ta yi shiru shekara da shekaru, mijinta yana ta bugun ƙirji a gaban baƙi. Ke 'yarta ce. Na tabbata ni ma akwai abin da nake taƙama da shi a gidan nan, kina kallona kina shiru. In akwai, kada ki rubuto. Ki bari sai kin zo, ki faɗa min a hankali, bayan na ci abinci.

Ki gaida Inna, ki gaida Isah da mutanen gida duka. Allah ya kawo ku lafiya.

Mijinki mai jiranki,
Ɗahiru